Dillalin Waya: Sana'ar da Lamba Ce Jarinta

Dillanci tsohuwar sana'a ce a kudancin Jigawa. A da, falke yakan sauka a gidan dillali, a ba shi masauki, a haɗa shi da mai kaya, a tsaya masa a ciniki, dillali ya karɓi la'adarsa. Bayan shigowar wayar salula Najeriya a 2001, da bazuwarta ƙauyuka, sai ga wani irin dillali a Birnin Kudu da Gwaram, wanda ba shi da rumfa balle sito. Lambar wayarsa ita ce jarinsa.

Da kaka kasuwarsa ke buɗewa, lokacin da riɗi da zoɓo da wake da shinkafa suka sauka. Ranar kasuwar Sara, a ƙasar Gwaram, da shi ake sammako. Zai zura hannu can cikin buhu ya damƙo riɗi, ya baza a tafinsa, ya hura, ya ga yawan yashi da ƙaiƙayi, sannan ya ji kuɗin tiya da na buhu. Daga nan sai ya raɓe gefe ya shiga buga wa iyayen gidansa na Dawanau a Kano. Idan an daidaita, kuɗi su shigo ta banki, 'yan dako su yi lodi, mota ta kama hanyar Wudil. Sau da yawa mai kuɗin da mai kayan ba su taɓa ganin juna ba. Muryar dillali ce kaɗai ta haɗa su.

Wahalar sana'ar a yau ita ce a ɗaga kiran. 'Yan damfara masu cewa daga banki suke, a karanto musu lambar BVN ko lambar sirrin da aka turo, sun sa kowa na ɗari-ɗari da baƙuwar lamba. Alhajin da ke tsakiyar awo ba zai ɗaga ba sai ya ga suna. Da yawa sun dogara da Truecaller, manhajar wani kamfanin ƙasar Suwidin, wadda ke tattaro sunaye daga yadda mutane suka ajiye lamba a wayoyinsu. Don haka sau da yawa ba kai ke raɗa wa kanka suna ba. Idan abokan hulɗa sun rubuta “Dillalin riɗi Sara”, ka tsira. Idan kuwa mutane da dama suka yi ƙorafi a kan lambar, ja za ta fito a allon mai karɓa, ya katse tun ba ka yi sallama ba.

Sababbin shiga sukan faɗa wani ramin. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani kan janye shi ya sake sayarwa. Yaro ya sayi layi da guminsa, ya kira Kano, sai a ga sunan wani mai faci, ko na wanda ya gudu da bashi. Maganin yana wurin masu shagon waya: su buɗe masa manhajar da lambarsa, su gyara sunan, su sa masa WhatsApp Business da hotonsa da sunan garinsa. Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, amma wannan bayanin yana hannun kamfani da hukuma. Wanda aka kira ba ya ganinsa.

Shi ya sa tsofaffin hannu suke da ƙa'idojinsu. Ba sa sauya lamba. Idan waya ta ɓace, kafin a yi maganar sabuwa sai an je an dawo da layin. Ba sa ɓoye lamba, ba sa yi wa ubangida filashin, ba sa kira lokacin salla ko bayan dare ya yi. Idan baƙo za su nema, sai wanda ya san su ya fara gabatar da su, sannan su tura saƙon murya: “Salamu alaikum, ranka ya daɗe, wane ne daga Gwaram, Alhaji wane ya ba ni lambarka.” Bidiyon kayan ya biyo baya, da bakin buhu a buɗe. Mafi girma kuma, sunan da banki zai nuna lokacin tura kuɗi ya zo daidai da wanda aka faɗa a waya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da ciniki ya koma tiransifa, “tura a asusun ƙanina” ta isa ta kashe ciniki nan take.

La'adar buhu ɗaya ba ta taka kara ta karya ba. Yawan lodi da dawowar abokin ciniki ne ke riƙe gida. Dillalin da ya ce riɗi wankakke ne, aka sauke a Dawanau aka tarar da yashi, kafin magariba labarinsa ya zaga rumfuna, kuma babu mai shagon wayar da zai iya goge masa wannan.

Matasan da ke sha'awar sana'ar su fara da bin ubangida na kaka ɗaya ko biyu, su yi rajistar layi da asusu da sunansu na gaskiya, su riƙe lamba ɗaya. Manhaja tana nuna suna ne kawai. Faɗar gaskiyar kaya da cika alkawarin lodi su ne ke sa a ɗaga kiranka a kaka mai zuwa.