Ɓoyayyen Suna Da Mutuncin Musulmi

A kasuwar Achida, idan baƙo ya nemi a ba shi buhunan albasa bashi, dillali ba zai saurare shi ba sai ya ji sunansa da na mahaifinsa da garinsu, domin a wurin ɗan kasuwa suna shi ne jari. Amma yau a Facebook mutum yakan sa hoton zaki, ya raɗa wa kansa sunan da babu wanda ya san shi da shi, ya zargi hakimi ko ma'aikaci da cin amana, jama'a kuwa su yi ta yaɗawa.

Kada mai karatu ya ɗauka sakaya suna baƙon abu ne gare mu. Alkunya takan hana uwa kiran sunan ɗan fari, Sardauna kuma, haifaffen Rabah, mutane da yawa Gamji suke ce masa. Malaman Hadisi ma sun karɓi ruwayar Al-A'amash, alhali laƙabi ne. Sunansa Sulaimanu ɗan Mihrana. Sai dai duk waɗannan an san mai laƙabin, an san halinsa. Wanda ba a sani ba kuwa malaman suna kiransa majhuli, ba sa kafa hujja da ruwayarsa, kome daɗin zancensa.

To, a gabashin Sakkwato maganar ta wuce ta littafi. A shekarar 2021 an katse layukan waya a Rabah da Goronyo da wasu ƙananan hukumomi saboda 'yan bindiga, kuma a watan Oktoba na shekarar aka kashe mutane masu yawa a kasuwar Goronyo. Manomin da ke ƙauye irin Sisawa, in ya ga an kora shanu ya sanar da jama'a da sunansa na yanka, ina zai kwana? Wannan kam ba za mu zarge shi don ya ɓoye suna ba, kare rai yana gaba. Haka matar da ke son tambayar malami matsalar aurenta ba tare da ta tona asirin gidanta ba.

Sai dai wannan mafaka ita ce kuma maƙetaci yake shiga. Ya isa a rubuta cewa wane yana kai wa ɓarayin daji rahoto. Kafin a bincika abokan ciniki sun janye, wani lokaci ma ransa ya shiga haɗari, ga shi babu wanda zai kai ƙara gaban alƙali. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umurci muminai su tabbatar da labari kafin su cutar da mutane cikin jahilci, aya ta 12 kuma ta hana mummunan zato da bin diddigi da giba. Babu inda aka keɓe wanda ya canza suna. A ganina, wanda ya tura irin wannan zargi gaba da sunansa na gaskiya ya ara wa majhuli mutuncinsa ne.

Ɓuyan ma ba cikakke ba ne. Tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta ba jami'an tsaro ikon neman bayanan mai layi daga kamfanonin waya.