Kafin A Saurari Na'ura, A Saurari Dattawan Gari

Daga Wakilinmu a Inugu

Duk wanda ya zauna a unguwar Asata ta birnin Inugu, ko a unguwannin Hausawa na Anacha da Fatakwal, ya san irin yadda sana'ar gwangwan ta karɓi samarinmu. Da sassafe za ka gan su da baro da buhu, suna bin juji da kangaye da tsofaffin filaye, suna neman ƙarfen da za a ɗora a sikeli. Yanzu kuwa na'urar gano ƙarfe ta yi araha, har mutum yana iya sayenta ya rataya ya shiga daji. To, abin tambaya shi ne, in fili ya kai eka ɗari, ciyawa ta rufe shi, ta ina za a soma? Wannan tambaya kuwa a ƙasar nan ta Gabas ba ta riba kaɗai ba ce, ta rai ce.

ABIN DA YAƘI YA BARI

Hausawa ba baƙi ba ne a Inugu. Mai karatu zai tuna cewa Malam Umaru Altine, mutumin Lardin Sakkwato, shi ne Magajin Garin Inugu na farko tun a shekarun 1950. Amma yaƙin basasa da aka yi daga ran 6 ga Yuli 1967 zuwa ran 15 ga Janairu 1970 ya sake wa ƙasar kama. Inugu ta faɗa hannun sojan Tarayya a watan Oktoba 1967, Anacha a Maris 1968, Fatakwal kuwa a Mayu 1968. A tsakanin garuruwan nan aka yi ta ruwan harsasan igwa da boma-bomai, sojan Biyafara kuma suka binne nakiyarsu ta gida da ake kira ogbunigwe. Ba duka ne suka fashe ba. Waɗansu suna nan kwance cikin ƙasa, tsatsa ta ci bayansu, amma albarushin cikinsu bai mutu ba.

A shekarar 2009 Gwamnatin Tarayya ta ba da aikin share waɗannan wurare. Ran 30 ga Oktoba 2017 kuma, a gaban Kotun ECOWAS da ke Abuja, ta amince za ta biya Naira miliyan dubu 88, watau miliyan dubu 50 diyya ga waɗanda abin ya shafa, miliyan dubu 38 domin ƙarasa sharar. A takardun shari'ar an bayyana cewa an riga an tono boma-bomai kimanin 17,000 an lalata, waɗansu 1,317 kuma suna jibge a lokacin a wata cibiya a Owerri. Ke nan wanda ya shiga tsohon fili a wannan yanki yana takawa ne a kan ragowar yaƙi.

NA'URA BA TA SAN GAIBU BA

Asalin na'urar nan ma yaƙi ne ya yaɗa ta. Wani hafsan sojan Poland mai suna Jozef Kosacki ya ƙera ta neman nakiya a 1941, sojan Ingila suka yi aiki da ita a El Alamein ta ƙasar Masar a 1942. Aikinta bai da wuyar ganewa. A ƙarshen sandarta akwai faifai mai naɗaɗɗiyar waya, lantarki yana bi ta ciki yana haifar da ƙarfin maganaɗisu. In faifan ya gitta kan ƙarfe sai ta yi ƙara. Iyakar saninta ke nan. Ƙusa da gwangwanin madara da gurneti duk kuka ɗaya take yi musu. Ga shi kuma jar ƙasar Gabas tana da sinadarin ƙarfe a jikinta, har takan sa na'urar ta yi ta kuka ba dalili in ba a daidaita ta ba.

A ƙasar Kambodiya, tsakanin 1992 da 1998, masu share nakiya sun tono abubuwa wajen miliyan 200 da na'ura ta nuna musu, amma cikin kowane dubu waɗanda suka zama abin fashewa ba su kai biyar ba. Kowane ɗaya kuwa sai da aka durƙusa aka tone shi a hankali, kamar shi ne mai kisan.

Mu yi lissafi. Kadada ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. A ce ma'aikaci ya share murabba'in mita 50 a yini, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne a wurin da ƙarafa suka yi yawa, to kadada ɗaya za ta ci masa kwana 200. Fili mai kadada 40 kuwa sai mutum ya tsufa a kai. Saboda haka gwanayen aikin nan ba sa cewa allura cikin ruwa mai rabo ka ɗauka. Rage filin suke yi tun kafin su kunna na'ura.

YADDA GWANAYE KE ZAƁEN WURI

Mataki na farko babu na'ura a cikinsa ko kaɗan, tambaya ce zalla, matambayi kuwa ba ya ɓata. Sukan zauna da sarakunan gari da tsofaffin soja da manoma da mafarauta da mata masu itace. Ina aka girke igwa? Wace makaranta ce soja suka mayar sansani? Wace gona ce aka daina nomawa tun bayan yaƙi, alhali maƙwabtanta ana nomansu? A ina akuya ko saniya ta taɓa taka wani abu? Ruwa ba ya tsami banza, ƙasa mai kyau ma ba a ƙaurace mata banza.

Daga nan sai su gwada abin da suka ji da taswira da tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. Soja ba ya zubar da nakiya ko'ina. Inda abokin gaba zai bi yake tarewa, watau mararraba, da bakin gada, da mashigin rafi, da tudun da ke hango hanya irin na Milliken a mashigar Inugu, da gefen layin dogo, da kewayen filin jirgi irin na Uli. Ramin ɓuya da ya cike yakan bar ɗan kwari, ciyawar kansa kuma takan bambanta da ta kewaye. Sukan kuma lura da ruwa, don a wuraren zaizayar ƙasa irin su Agulu da Nanka, abin da aka binne a tudu yana iya gangarowa kwari.

Sai mataki na biyu, inda ake yanka siraran layuka masu faɗin mita ɗaya a ratsa wurin da ake zargi, a kafa turaku ja da fari, a gane iyakar haɗarin. Abin da ya tabbata shi kaɗai ake sharewa taku-taku. A nan ma akwai fifiko, hanyar rafi da filin makaranta da gonar abinci su ake gabatarwa a kan dajin da ba mai shiga.

INA DARASIN GA NAMU?

Mai karatu zai lura da wani abu. Alamomin da ke nuna wa ɗan gwangwan cewa wuri yana da ƙarfe, su ne dai alamomin da ke nuna wa soja cewa wurin yana da mutuwa. Tsohon sansani ya fi ko'ina ƙarfe, ya kuma fi ko'ina haɗari. A watan Janairu 2024 almajirai shida suka rasu a Gubio ta Jihar Borno, sanadin wani abin fashewa da aka tsinto cikin ƙarafa. Barikin Ikeja ma, da rumbun makamansa ya fashe ran 27 ga Janairu 2002, sai a watan Oktoba 2023 soja suka sake komawa suna tsince ragowar boma-boman, bayan shekara 21.

Don haka wanda zai shiga fili ya fara neman iznin mai shi, don babu ƙasar da ba ta da mai ita, musamman ga baƙo. Ya tambayi dattawa tarihin wurin. In an ce soja sun zauna, ya juya. In ya ga ƙarfe mai siffar kwalba ko mai fikafikai a gindi, kada ya taɓa, kada ya buga, kada ya sa a wuta don ya raba tagulla. Ya sa alama daga nesa, ya sanar da Sarkin Hausawa da 'yan sanda, su kira masu kwance bom, ko sojan Runduna ta 82 da ke Inugu. In kuwa kayan tarihi ya ci karo da su, irin tagullar da aka fara ganowa a Igbo-Ukwu wajen haƙa ramin tara ruwa, ya sani dokar 1979 ta ajiye wannan a hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Shugabannin 'yan gwangwan da limamanmu na Asata da Anacha da Fatakwal su ma suna da aiki, su riƙa jan kunnen sababbin zuwa tun ranar da suka sauka daga mota. Kilo ɗaya na ƙarfe kuɗinsa sananne ne a sikeli, amma hannu ko ƙafa ba a sayar da su a kasuwa. Allah Ya kiyaye mu, Ya ba kowa halaliyarsa, amin.