Masaukin Baƙo a Maigatari da Gumel: Lissafin da A Ke Yi Tun Daga Gida

Wannan bayani ne game da masauki, watau inda baƙo zai sa haƙarƙarinsa idan tafiya ta kai shi ƙasar Gumel, da yadda zai sami mai sauƙin kuɗi ba tare da ya yi da-na-sani ba. Dalilin tsayawa a kan wannan zance shi ne, matafiya da yawa su kan lissafta kuɗin mota da na abinci tun daga gida, su ɗaure jarinsu a lalita, amma maganar wurin kwana sai su ce a bar ta sai an isa. Alhali kuwa ita ce ta fi saurin taɓa jari, gama wanda magariba ta riska a tasha da kaya a hannu ba shi da bakin ciniki. Abin da aka yanka masa shi zai biya.

Ƙasar Gumel, wadda a ke yi wa laƙabi da Lautai, ƙananan hukumomi huɗu ce a arewacin Jihar Jigawa: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Tun zamanin ayari ƙasa ce ta kan hanya, tsakanin Kano da Damagaram da Barno. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta isa Nguru a shekarar 1930, ta Gagarawa ta ratsa, fatake suka sami tashar ɗora kaya kusa da gida. A yau kuwa abin da ya fi jawo baƙi shi ne kasuwar Maigatari, wadda ke ci ran Alhamis a bakin iyakar Nijar. Can a ke kawo raƙuma da shanu da dawaki da tumaki da awaki daga wajen Dungas da Magarya da Damagaram, masu saye kuma su zo daga Kano har daga kudancin ƙasa. Da kaka sai riɗi da zoɓo su ƙara wa kasuwar jama'a.

To, dabbobi da masu su ba sa jiran safiyar Alhamis; tun Laraba su ke fara isowa. Saboda haka daren Alhamis, watau Laraba da dare, shi ne daren da wurin kwana ke wuya a garin. Wanda ya san wannan ya riga ya san rabin shirinsa.

Gidan fatoma

Masauki iri biyu ne a gaban baƙo. Na farko shi ne na gargajiya, gidan fatoma, wanda waɗansu ke kira mai gida. Ga yadda al'adarsa ta ke. Baƙo ya sauka, a ba shi shago ko gefen zaure, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa tuwon dare. Idan da kuɗi a jikinsa ya danƙa wa mai gida ajiya. Da safe mai gida ya haɗa shi da dillali a kara, ya tsaya masa a wurin ciniki, ya shaida wa masu saye cewa dabbar nan ba ta sata ba ce, idan kuma bashi ya shiga tsakani shi ne lamuni. Ba a yanka wa baƙo kuɗin ɗaki. Amfanin fatoma yana cikin la'adar cinikin, da kuma alherin da baƙo zai yi masa ranar sallama. Da wannan tsari fataken Hausawa suka yi cinikin goro a Salaga ta ƙasar Gwanja, da shi kuma suka kafu a Zangon Kumasi da Sabo ta Ibadan.

Mai kallo daga nesa sai ya ce wannan kwana kyauta ne. Ba kyauta ba ne, sai dai kuɗinsa ba a bakin ƙofa a ke karɓa ba. Wanda ya ci tuwon fatoma ba ya kai dabbarsa hannun wani dillali, ko da an yi masa tayi mai tsoka a waje. Idan ya yi haka ya ci amana, labari kuma ya kan riga shi isa kasuwa ta gaba. Saboda haka falke mai kaya, wanda zai riƙa zuwa mako-mako, babu masaukin da ya fi masa wannan arha da aminci, muddin ya tambayi mutanen garinsu da suka riga shi zuwa, suka nuna masa gidan da aka sani da riƙon amana. Ba a zaɓen fatoma a tasha ta bakin wanda ya fara kama wa mutum jaka.

Amma wanda ya zo ziyara, ko kallon hawan Sallah a Gumel, ko ya taho da iyali, ba shi da cinikin da fatoma zai ci la'adarsa. Irin wannan idan ya sauka a gidan mutum, nauyi ne ya ɗora masa. Malamai sun bayyana cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne daga mai gida, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Wanda ya guje wa kuɗin otal ta hanyar cinye rumbun ɗan'uwansa bai yi tattali ba, ya mayar da bashinsa kan wani ne kawai.

Otal da sharuɗɗansa

Na biyu shi ne otal ko gidan baƙi, inda a ke biyan kuɗin kwana. A wajen malaman fiƙihu wannan haya ce, watau ijara, kuma Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda almajiran ƙasar nan ke karantawa, ta gindaya wa ijara sharaɗin a ambaci lokaci a kuma ambaci kuɗi. Yawancin rigimar baƙo da mai otal daga barin ɗayan biyun nan ta ke tasowa.

Maganar lokaci ita ce a ke yawan mantawa. Al'adar otal-otal ita ce kwana ya ƙare da tsakar rana, yawanci ƙarfe 12. To, ran Alhamis da tsakar rana kuwa kasuwa ta ke kan ganiyarta, falke yana tsakiyar kara, hankalinsa na kan bijimi. Ya komo da la'asar ya ɗauki jakarsa, sai a ce ya shiga kwana na biyu. Maganin wannan a yi shi tun daren sauka: ko dai ya fita da kayansa da asuba, ko ya yi magana da mai otal a ajiye masa jaka a wurinsu bayan ya mayar da makulli, ko su daidaita a kan rabin kuɗi idan zai kai yamma.

Maganar kuɗi kuwa, sai a san abin da kuɗin ya ƙunsa. Akwai wuta, kuma idan ta ɗauke akwai janareto ko sola, har zuwa ƙarfe nawa? Ruwa na famfo ne ko sai an saya a wajen mai garuwa? Banɗaki a cikin ɗaki ya ke ko na tarayya ne? Ƙofa tana da sakata ta ciki? Idan abokan tafiya biyu ko uku za su haɗu a ɗaki guda su raba kuɗin, wanda hanya ce babba ta rage tsada, sai su faɗa tun farko, kada su shigo da na uku a ɓoye. Kafin a miƙa kuɗi a ga ɗakin da ido, bayan an miƙa kuma a karɓi rasit. Bukata tana bin yanayi: da bazara fanka ce abin tambaya, da damina gidan sauro, da hunturu bargo da taga mai rufuwa.

Ga misali domin gane lissafin, ba domin faɗin farashin wani gida ba. A ce ɗaki ɗaya naira 6,000 a gefen gari, ɗaya kuma naira 8,000 kusa da kasuwa da masallaci da mai shayi. Mai neman arha ya ɗauki na farko. Ya hau acaɓa zuwa cin abincin dare da komowa, da safe zuwa kara, da yamma ɗaukar kaya, hawa huɗu a kan naira 500, ya zama 2,000. Ya sayi ruwan wanka da na alwala na naira 500, ya kai wayarsa caji na 200 domin ɗakin babu wuta. Ga shi ya kashe naira 8,700, ya kuma isa kara bayan an zaɓe dabbobin kirki. Ashe gaskiyar masu magana, arha ba ta ado.

Akwai kuma dabara ta uku wadda masu zuwa daga Kano ke yi. Tsakanin Gumel da Maigatari tafiyar mota ba ta kai awa guda ba. Idan Maigatari ta cika, mutum ya kwana a Gumel, ya yi sallar asuba ya hau motar farko. Sai dai ya haɗa kuɗin motar cikin lissafi, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya daina zama ƙaramin abu.

Lokacin zuwa

Abin da ya fi kome sauya kuɗin masauki shi ne lokacin da aka zo, kuma wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. A ƙasar Girka, wadda littattafan Larabci ke kira Yunan, akwai tsibirai irin su Kirit da Rodas da Santorini, inda mutanen Turai ke zuwa hutu su sha iskar teku. A watannin Yuli da Agusta jama'a ta ke cika su, ɗaki ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu. Ɗakin nan dai a watan Mayu ko Oktoba sai a same shi da sauƙi, da sanyin hunturu kuwa otal-otal da yawa rufewa su ke yi ɗungum. A dā masu ɗakunan haya su kan tarbi jirgin ruwa a bakin gaɓa suna kiran baƙi, kamar yadda 'yan kamasho ke tarbar mota a tasha. Yanzu yawanci ta intanet a ke kama ɗaki tun da watanni. Kuma tun daga 2024 hukumar ƙasar ta sa wani haraji na kowane dare a kan ɗakin otal domin gyaran ɓarnar gobarar daji da ambaliya, wanda ya fi yawa a lokacin cikar baƙi, kuma a otal ɗin a ke biyansa. Wanda bai tambaya ba sai ranar tafiya ya ji labarinsa.

Abin da Yuli da Agusta su ke ga mutanen tsibiran nan, shi ne makonnin gabanin Babbar Sallah ga Maigatari, sa'ad da masu sayen ragunan layya ke kwararowa, haka kuma kwanakin hawan Sallah ga birnin Gumel. Wanda sana'a ta tilasta masa zuwa a lokacin, sai ya buga waya tun da mako guda ko biyu, ya ba da kafin alƙalami ta hannun wanda ya amince da shi, a riƙe masa wuri. Kada ya tura kuɗi ga lambar da bai san mai ita ba. Wanda kuwa ziyara ce kawai ta kawo shi, ko son ganin gari, ya zo ran Juma'a ko Asabar bayan kasuwa ta watse, ya sami ɗaki a natse, har ya nemi ragi idan zai kwana uku ko huɗu.

Abin da a ke ajiyewa a gefe

Saura abubuwa biyu da shekarun nan suka koya wa matafiya. Na farko, garin iyaka yana da hukuncin kansa. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020, tana cikin huɗun farko da aka buɗe. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa, har Maris 2024 kafin Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mutumin da ya yi shirin kwana ɗaya yana iya wayar gari yana jiran kaya ko abokin ciniki da ya maƙale a tsallake. Saboda haka a ware kuɗin kwana guda na ƙari da kuɗin motar komawa gida, a ɗaure su daban da jari, kada ciniki ya yi daɗi a taɓa su.

Na biyu, a farkon 2023, sa'ad da aka sauya takardun naira, mutane sun ga yadda mai dukiya a banki ya rasa abin biyan tuwo. A wani lokacin kuma tsabar ce ke jawo ɓarawo. Hanya madaidaiciya ita ce a raba: kuɗin masauki da abinci a hannu, jari a banki ko a wurin amintaccen mai gida da shaidu biyu. Mai zuwa daga Nijar kuma ya canza abin da zai biya ɗaki daga sefa zuwa naira da rana a wajen 'yan canji, gama canjin dare na mai gaggawa ne, kuma mai gaggawa shi ke faɗuwa.

Wanda ya zauna a zaurensa kafin tashi ya amsa tambayoyin nan, watau wace rana zai isa, shi mai ciniki ne ko mai ziyara, wa ya san gidan da zai sauka, me kuɗin ɗakin ya ƙunsa, kuma me ya ajiye idan kwana ya ƙaru, to zai shiga gari da rana tsaka yana zaɓe, maimakon ya shiga da dare ana zaɓa masa. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su ga iyalinsu da riba mai albarka, ya saka wa masu saukar da baƙi da alheri. Amin.