Wane ne duba-gari?

Da zarar damina ta kawo amai da gudawa, sai a riƙa jin sunansa a labarai. Duba-gari jami'in tsaftar muhalli ne. A ƙaramar hukuma kamar Rimin Gado ta jihar Kano, shi ke leƙa teburin mai shayi da tukubar mai tsire, ya ga ruwan ɗauraye kofuna, ya ga ko an kare nama daga ƙuda. Wanda ya gaza a gargaɗe shi. In ya yi kunnen ƙashi, sai kotu.

Daɗin miya da fara'ar mai sayarwa kuwa ba huruminsa ba ne, wannan hukuncin na masu ci ne. Gidajen giya ma, tunda Kano na bin shari'ar Musulunci, Hisbah ke bi ta kansu.