Ƙaramar Wuƙar Girki: Yadda Ake Ɓare Rogo da Fere Dankali

A yawancin gidajen manoma akwai wata ƙaramar wuƙa da ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, wadda mata ke yanka albasa da kuɓewa da ita, su cire ƙwayar tattasai, su tsaga tumatirin da za a shanya. Malaman gona ba su cika yin magana a kanta ba, alhali da ita ake fara sarrafa duk wani amfanin gona mai saiwa. Idan aka yi kuskure a wannan mataki, ko dai abinci ya bi ɓawo zuwa bola, ko kuma guba ta bi abinci zuwa tukunya.

Ɓare rogo

Ɓawon rogo hawa biyu ne. Akwai na waje, siriri mai launin ƙasa, sannan akwai na ciki, mai kauri, fari ko mai ɗan ja-ja. Wannan na cikin ya fi tsokar rogon yawan sinadarin da ke rikiɗa ya zama gubar sayanayid, saboda haka kankare na waje kawai bai wadatar ba, sai an cire duka biyun.

Kuskuren da muka fi gani a wuraren yin gari shi ne a riƙa fere rogo kamar doya, ana saɓe shi da babbar wuƙa. Hakan yana da sauri, amma tsoka mai yawa tana tafiya tare da ɓawo. Hanyar da ta fi ita ce a datse kai da gindin rogon, a raba shi gunduwa-gunduwa idan dogo ne, sai a tsaga ɓawon a tsaye da tsinin wuƙa. Daga nan a cusa bakin wuƙar ƙarƙashin ɓawon a ɗaga shi, zai saɓule a dunƙule ya bar tsoka sumul. Wannan yana yiwuwa ne ga rogon da aka tono a ranar. Wanda ya kwana 2 ko 3 ɓawonsa yakan manne, kuma baƙaƙen jijiyoyi sun fara bayyana a tsokarsa. Don haka kada a tono fiye da abin da za a iya ɓarewa a yini guda. Akwai injunan ɓare rogo, sai dai da yake saiwoyin ba girmansu ɗaya ba, wasu a karkace, sau da yawa sai an bi bayan injin da wuƙa an gyara.

A lura: ɓarewa tana rage guba ne, ba ta kawar da ita. Rogo mai ɗaci dole a jiƙa shi kwana 3 zuwa 5, ko a gurza a matse a soya, kafin a ci. Ɓawon kuma a shanya shi a rana ya bushe sarai kafin a ba awaki da tumaki.

Dankali da doya

Dankalin Hausa da na Turawa ba sa buƙatar fira mai zurfi, a ɗauke fatar sama-sama. Amma duk inda dankalin Turawa ya yi kore saboda hasken rana, ko ya fara tsiro, a nan akwai gubar solanin, wadda dafuwa ba ta kashewa. A yanke koren gaba ɗaya, a ƙwaƙule idon da tsinin wuƙa. Idan koren ya mamaye dankalin, ko aka ji yana ɗaci, a zubar. Doya kuwa a yanka ta faifai-faifai kafin a fere, domin an fi iya sarrafa wuƙa a kan ƙaramin yanki.

Kula da wuƙar

Wuƙar da ta dakushe ta fi mai kaifi haɗari, domin sai an danna ta da ƙarfi, ta zame ta sami yatsa. A riƙa wasa ta a dutse akai-akai. Ta baƙin ƙarfe irin ta maƙera tana da kaifi, amma tana tsatsa, kuma tana iya dusashe farin rogo, abin da ke karya farashin alabo a kasuwa. Ƙungiyoyin mata masu sarrafa rogo don sayarwa su nemi ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Wuƙar da ta taɓa ɗanyen nama ko kifi a wanke ta da sabulu kafin ta koma kan tumatir ko albasar da za a ci ɗanya. Haka nan a keɓe wata dabam domin yanka irin doya da na dankali, saboda wuƙa tana ɗaukar cuta daga ruɓaɓɓen iri ta kai wa lafiyayye.