Littafin Yara Marar Rubutu Ba Ɓarnar Kuɗi Ba Ne

Na gaji da jin wata magana a bakin iyaye, har da wasu malaman firamare: wai littafin da hotuna suka cika ɓarnar kuɗi ne, gara a sayo wa yaro mai tambayoyin jarrabawa. Da masu wannan ra'ayi za su sayi littattafan Jeannie Baker, da sun rantse an cuce su, domin biyu daga cikin fitattun ayyukanta babu jimla ko ɗaya a labarinsu.

An haifi Baker a Ingila a 1950, amma a Ostareliya ta zauna ta yi suna. Da ciyawa da ganye da ƙasa da ƙyalle take harhaɗa hotunanta. A 1991 ta fitar da Window. Kowane shafi taga ɗaya ce ta ɗakin wani yaro. Da farko uwa na riƙe da jariri, waje kuwa daji ne da tsuntsaye. Kana buɗe shafi yaron na girma, dajin na ja da baya, hanya ta shigo, gidaje da motoci da allunan talla suka biyo. Da ya zama magidanci sai ya ƙaura bakin wani dajin, can ma ga allon sayar da filaye an kafa. A 2004 ta fitar da Belonging, inda ta juya lamarin: wata yarinya ta taso a unguwar siminti da shara, maƙwabta suka riƙa shuka kaɗan-kaɗan, har layin ya zama wurin inuwa da hira da wasan yara.

To, ina ɓarnar? Yaron da aka ba wannan littafi dole ya koma shafin baya ya kwatanta, ya gano abin da ya ɓace, ya tambayi kansa wa ya sare itacen nan, kuma me ya sa. Wannan shi ne tunani, abin da haddar amsa ba ta koyarwa. Sannan shi zai ba da labarin da bakinsa. Tunda babu rubutu, babu shingen Turanci: yaron Kano ko na Maraɗi zai karanta shi da Hausa, kakarsa da ba ta taɓa shiga aji ba za ta zauna su karanta tare, ta ma fi shi gane abin da ake nufi, domin ta san lokacin da bayan gidansu gona ne. Wane littafin jarrabawa ne zai haɗa jika da kaka haka?

Wasu kuma cewa suke batun gari na gwamnati ne, ba na yara ba. Amma a 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da rabin mutanen duniya a birane suke, kuma za su kai kashi 68 cikin ɗari a 2050. Yaran nan su ne mazauna wancan lokacin.

Ba sai kun sami littafin Baker ba kafin ku yi amfani da dabararta. Ku tsaya da yaro a ƙofar gida, ku gaya masa abin da ke wurin da: kududdufin da aka cike, filin ƙwallon da aka yanka shaguna, tsamiyar da aka sare. Ku ɗauki hoton layinku da waya duk ƙaramar Sallah daga wuri ɗaya, ku ajiye, ku riƙa kwatantawa tare. Ku ba shi takarda ya zana unguwar yadda yake son ganinta. Ku damƙa masa dashen darbejiya ko zogale, ya zama nasa, shi ke ba shi ruwa, shi ke kare shi daga awaki. In ana yashe kwata ranar tsaftar muhalli, a bar shi ya ga mahaifinsa da shebur a hannu. Kuma don Allah a daina aiken yara su juye shara a magudanar ruwa da daddare, sannan damina ta zo a zauna ana zagin hukuma.

Malamai, ku daina kulle littattafan hotuna a kabad don kada su yage. Ku fito da su, ku ba yara su karanta.