Jaridar gwamnati da kalmar «yunwa»: muhawarar shekarar 2005, daga Yamai zuwa Alakos

Gabatarwa

Wannan maƙala tana bayani ne a kan wata muhawara da ta tashi a Nijar a shekarar 2005, game da yadda jaridar gwamnati ya kamata ta ba da labarin halin da talakawa suke ciki. Mun ɗauki ƙaramar hukumar Alakos, wadda cibiyarta take Garazu, cikin gundumar Gure ta jahar Damagaram, a matsayin tudun da za mu tsaya mu hangi maganar. Dalili kuwa shi ne, irin waɗannan wurare ake yin rubutu a kansu, amma ba a can ake karanta abin da aka rubuta ba.

Asalin jaridar

Kafin mu shiga cikin muhawarar, wajibi ne mu san mai jaridar. Bayan samun mulkin kai, jaridar gwamnati ita ce Le Temps du Niger. Da soja suka kifar da Diori Hamani a ranar 15 ga Afrilu 1974, sai aka sake mata suna ta koma Le Sahel. Ma'aikatar ONEP ce take buga ta, tare da ƙanwarta ta mako-mako, Sahel Dimanche, wadda duk da sunanta ranar Juma'a take fitowa. Har zuwa 1990, lokacin da Ibrahim Cheick Diop ya kafa Haské, ba ta da kishiya ta kirki. Bayan haka ne Le Républicain ta Maman Abou ta fito a 1991, wasu kuma suka biyo baya, aka shiga zamanin da labari ɗaya yake da baki fiye da ɗaya.

A nan akwai abin lura. Ɗaya daga cikin manyan hujjojin da Seyni Kountché ya bayar na juyin mulkin 1974 shi ne yadda aka yi sakaci da yunwar wancan lokaci da kuma kayan agaji. Wato sunan Le Sahel kansa a cikin yunwa aka raɗa shi. Tun daga nan duk mai mulki a Yamai ya san cewa wannan kalma tana iya cin kujera. Su kuwa mutanen karkara ba su taɓa jin nauyin faɗinta ba, har suna suke ba ta: ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba ce, ta 1984 kuwa El Buhari, saboda rufe iyakar Nijeriya da aka yi a shekarar.

Abin da ya faru

Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a yankin da noma da kiwo suke haɗuwa, wanda Alakos take cikinsa tare da Kutus da Damargu. Hukuma ta ƙiyasta giɓin cimaka a kan tan 223.000, na ciyawar dabbobi kuwa ya haura tan miliyan 4. Shawarar da gwamnati da masu ba ta agaji suka tsaya a kai da farko ita ce a sayar da hatsi da rahusa, buhu jika 10, kada a raba kyauta don kar a ɓata kasuwa. Amma kafin tsakiyar damina ta 2005 buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a kasuwanni da dama, farashin bisashe kuma ya faɗi warwas. Ga magidancin Alakos, wanda rumbunsa ba ya kai shi shekara sai ya haɗa da sayar da akuya ko tunkiya, wannan shi ne duka biyu: abin saya ya yi tsada, abin sayarwa ya yi arha.

Ƙasar ma da ma a tsaye take. A watan Maris ƙungiyoyin farar hula sun yi zanga-zanga a kan harajin kashi 19 cikin 100 da aka ɗora wa kayan masarufi, an kama shugabanninsu, cikinsu har da Nouhou Arzika da Moussa Tchangari, an kuma rufe gidan rediyon Alternative na ɗan lokaci. Cikin wannan hali ne Sahel Dimanche, a fitowarta ta 29 ga Afrilu 2005, ta buga rahoto a kan yunwar. Ba a jima ba aka sauke babbar editarta, Tchirgni Maïmouna, daga muƙaminta.

Ɓangarorin muhawara

Masu kare matakin hukuma suna ganin jaridar gwamnati bakin gwamnati ce, kuma ba a tona asirin gida a kasuwa. A wurinsu akwai bambanci tsakanin famine da crise alimentaire, wato tsakanin yunwa da ƙarancin cimaka, kuma abin da ya samu ƙasar na biyun ne. Shugaba Mamadou Tandja da kansa ya shaida wa BBC a watan Agusta cewa babu yunwa a Nijar, ya kuma zargi ƴan adawa da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da kambama lamarin don amfanin kansu. Kada a manta, a watan Disamba na shekarar ne Yamai za ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, ba a son baƙi su zo da wannan hoto a ransu.

Ɗaya ɓangaren, wato yawancin jaridu masu zaman kansu da ƙungiyoyin kare ƴan jarida, cewa suke da kuɗin jama'a ake buga jaridar, saboda haka ta ƙasa ce, ba ta masu mulkin ranar ba. Suna kuma da hujja mai ƙarfi: rahoton ya fito a Afrilu, amma agaji mai yawa bai motsa ba sai a Yuli, bayan da talabijin na BBC ya nuna yara masu tamowa a Maraɗi. Rabon kyauta ya fara a Agusta, watan da Kofi Annan ya zo Damagaram. A shekarar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60.000 masu tamowa mai tsanani. Watanni ukun da suke tsakani ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake cin ganye.

A ganinmu ɓangare na biyu ya fi gaskiya, amma bai kamata a bar maganar nan ba. Binciken da masana suka yi daga baya, musamman na cibiyar LASDEL ta Yamai da littafin Niger 2005, une catastrophe si naturelle na 2007, ya nuna cewa kafofin waje su ma sun karkata. Sun ɗora laifi a kan fara da fari, alhali giɓin bai kai na 1984 ba. Babban ciwon shi ne tsadar hatsi a kasuwannin yankin duka, har da na arewacin Nijeriya, da talaucin da ya riga ya yi kanta. Tamowar yara kuma ta fi yawa a kudancin Maraɗi, inda ake noma sosai, kuma kowace shekara tana nan. Da kamara ta bi cibiyoyin jinya, sai makiyayi da manomin arewa, waɗanda asararsu ta dabbobi ce da bashi da ƙaura, suka zama ba su da hoto. Jaridar gida ce kaɗai za ta iya bin wannan labari a tsanake, ita ce kuwa aka tsawata wa.

Wa ya ji muhawarar?

Da Faransanci aka yi ta, a ƙasar da a lokacin manyan da suka iya karatu ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, kafin a kama hanyar Gure, kafin a sauka daga kwalta. Mutanen Alakos, Dagira masu jin Barbarci da Hausawa da Fulani da Buzaye, a wancan lokaci ta akwatin rediyo labari yake iske su: Muryar Sahel, da sassan Hausa na BBC da Muryar Jamus da Muryar Amurka. An taɓa gwada ƙananan jaridun yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa, irin su Ganga da Muryar Damagaram, amma ba su yi ƙarfin da za su shiga irin wannan gardama ba.

Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010, gwamnatin Salou Djibo ta fito fili ta amsa cewa ana yunwa, kafofin gwamnati kuma suka bi sahu nan take. A Yunin shekarar aka soke ɗaurin kurkuku a kan laifin aikin jarida. Daga baya iska ta sake juyawa: an dakatar da RFI da France 24 a Agusta 2023, an kuma dakatar da BBC na wata 3 a Disamba 2024, wato ɗaya daga cikin tashoshin da ƙauyukan Gure suka saba kamawa da safe da dare.